Ranar da Bindiga Ta Faɗi a Shagonmu

Komai zan iya mantawa a zamana na Riyad, amma ban da ranar da bindiga ta faɗi a tsakiyar shagonmu.

Ban daɗe da zuwa ba, na baro matata da tsohon ciki a Kano, ina aiki a wani shagon gyaran takalma a unguwar Utaiƙa. Mu biyu ne, ni da wani dattijo ɗan Damagaram da nake kira Baba. Gidanmu dukawa ne kaka da kakanni, saboda haka kaina a kumbure yake. Gani nake babu mai koya mini fata.

Wata rana Baba ya tafi asibiti, sai ga wani tsohon Balarabe, aminin kafilinmu, wato ubangidanmu mai shagon. Raƙuma yake kiwo a bayan gari, yana da ƙaramar bindiga da lasisinta. Bel mai kube yake so wanda zai riƙe ta a ƙarƙashin jallabiya ba tare da an gani ba. Na ce, "Mafi mushkila, ya Hajji," wato babu matsala. Ko nauyinta ban tambaya ba. Na ɗauko jar fatar akuya da na taho da ita daga gida, mai laushi kamar hannun jariri, na zuba mata ado. A wurinmu ita ake girmama manya da ita.

Ranar karɓa, Baba ya dawo, kafili ma yana shagon. Tsohon ya ɗaura, ya sa bindigar a kuben, yana ta masha Allah. Ya sunkuya zai sa takalmi ke nan, bel ya lanƙwashe, kube ya juye, bindiga ta sulale ta daki ƙasa, bakinta na kallon ƙafar kafili. Allah ya sa ba ta tashi ba. Ni kam na san na shiga uku, domin takardar zamana, iƙama, saura mako biyu ta ƙare, kuma sai kafili ya yarda za a sabunta.

Kafili ya daka tsawa, "Wa ya yi wannan?"

Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Ni na zaɓa masa fatar, maigida. Laifina ne."

Ƙarya ya yi, ko ganin fatar bai yi ba. Kafili ya wanke shi tas a gaban jama'a, mutum mai furfura, Baba kuwa ya sunkuyar da kai. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Da suka tafi Baba ya ce, "Ɗana, fatar akuya ta kwalliya ce. Ƙarfe fatar shanu yake so, ninki biyu." Ya sa na ɗinka sabon bel, ya rataya guduma a jiki, ya ce in ɗaura daga safe har la'asar, da ruku'u da sujada. "In ta karkace, warware." Sau uku ina warwarewa. Na huɗu shi tsohon ya karɓa, kuma aka sabunta iƙamata.

Na tambayi Baba dalilin da ya ɗauki laifina. Ya ce, "Ni na aurar da 'ya'yana duka. Kai ko ɗan fari ba ka gani ba."

Baba ya koma gida tuni, ni ne babba a shagon yanzu. Ba na yanka fata sai na tambayi abin da za ta ɗauka. In kuma sabon zuwa ya yi kuskure kafili ya tambaya, ni nake fara buɗe baki.