Ɗuri Biyu a Bindiga Ɗaya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da abokan arziki.

Na kwana biyu ban ce uffan a nan ba, har wasu suka bugo suna tambaya ko tsoho ya kwanta dama. Ina nan daram. Murna ce ta ɗauke ni, autata ta haifi tagwaye. Ranar suna wani baƙo ya ga yadda nake tallabe su, ya tambayi abin da ya sami hannuna na hagu. Na ce ƙaddara, kamar yadda na saba faɗa shekara da shekaru. Yau dai zan faɗi yadda aka yi.

Lokacin kuɗin fetur ya shigo, kowa a Wudil yana sayen babur. Ni ma na sayar da gyaɗa na saya. Ni da ƙanena Habu mukan fita farauta bayan kaka. Bindigata adaka ce, wadda ake ɗura wa albarushi da guntayen ƙarfe ta baki. Ba na tafiya da ita a ɗure, haka Baba ya hore mu.

Ranar mun wuce Lajawa, muka isa daji da azahar. Ba mu yarda mu kau da ido daga sabon babur ba, sai muka yi salla bi da bi. Na idar, Habu ya tayar, ni kuma na ɗura bindiga. Na ji sandar ɗuri ba ta shige kamar kullum ba. Na ce tsatsa ce.

Gada ta gifta, na ja kunama.

Bindigar ta tsage daidai inda hannuna na hagu yake.

Kwana uku muna magani a gida. Zazzaɓi ya rufe ni, ciwon ya fara wari. Matata Hajara ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi mini rai. Wannan hannu ya fi ƙarfin gida."

Daga asibitin garinmu aka tura mu Kano. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, wani malamin asibiti ke yi mana tafinta. Aka ɗauki hoto, aka ga ƙarfe a ciki. Aka yi aiki, aka cire yatsu biyu. Takardar yarda ma dangwala mata na yi ban san me ke ciki ba. Haushin wannan ne ya kai ni ajin yamma daga baya, ina da 'ya'ya huɗu.

Bayan aikin, likita ya ja layi da biro a saman wuyan hannuna. Tafinta ya ce, "In kumburi ya haye layin nan, hannu zai tafi daga gwiwa."

Manomi ne ni. Me zan yi da fartanya da hannu ɗaya?

Kowace safiya wankin ciwo, ina cizon bakin riga. Allura sau huɗu a rana. Magani kyauta ne a lokacin, har abinci ana ba mu, amma tsoro ya hana ni ci. Na sami tsinken tsintsiya ina auna tsakanin kumburi da layi. Kullum sai na karya tsinken ya ƙara gajarta.

Da aka nemi jini, Habu ya bayar. Ya fito ya zauna a ƙasa kusa da gadona, ya ƙi ɗago kai.

"Yaya, ni ne."

"Kai ne me?"

"Kana salla na ɗura maka ita. Na ce in rage maka aiki."

A gidanmu ƙane ba ya barin wansa ya yi abin da zai iya yi masa, kuma ba ya faɗa, don ba a yi wa babba gorin hidima. Ladabi ya yi. Ni kuma na zo na ɗora ɗuri a kan ɗuri.

Na ce, "Tashi ka zauna a kujera, sarkin ladabi. Sanda ta gaya mini, ni na ƙi ji. Kada Inna ta ji wannan magana."

Ya fashe da kuka, har na gadon kusa ya ce, "Wai wane ne marar lafiyar a cikinku?"

Rana ta biyar kumburi ya taɓa layi. Aka ce kada in ci komai da safe, ko za a shiga da ni ɗakin tiyata.

Gari ya waye, Hajara ce ta fara gani. "Malam, dubi fatar, ta fara yamushewa!" Likita ya zo ya latsa, ya sake latsawa, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce da 'yar Hausar da ya tsinta, "Hannu naka ne."

Mako bakwai na yi. Na dawo gida ina matsa ƙwallon goriba da yatsu ukun da suka rage. Damina ta gaba Habu ya sassaƙa mini ƙotar fartanya daidai riƙona, na yi noma.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan nan da ban riƙe sunansa ba, da ma'aikatan da suka jure ihuna, da Hajara. Habu yana nan, ya yi furfura fiye da ni. Na nemi izininsa kafin in rubuta. Ya ce, "Rubuta, Yaya, amma ka gaya musu gadar ma ba ka same ta ba."

Ku masu fita daji, kada ku hau babur ko mota da bindiga a ɗure. Ku rufe bakinta kada ƙasa ta shiga, ku duba kafin harbi. Ku yi tsaga a jikin sandar ɗuri daidai inda take tsayawa in bindiga ba komai. In bindigar ta tsage ko ta yi tsatsa, a kai wa maƙeri. In an ji ciwo, asibiti a ranar, ba bayan kwana uku ba.

Kuma duk wanda ya taɓa bindigar wani, ya buɗe baki ya faɗa. Wannan wuri ɗaya ne da shiru ba ladabi ba ne.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya mayar da kowa gida da gaɓoɓinsa.