Alwyn Treloar da Sarkin da Bai Kwantar Ba

Haihuwa da Tasowa

An haifi Alwyn Treloar a shekarar 1929 a garin Moonta. Mahaifinsa Hedley Treloar tsohon mahaƙin jan ƙarfe ne, mahaifiyarsa Beryl kuwa maɗinkiya ce. Bayan ya kammala karatu a garinsu, ya kama aikin akawu a tashar jirgin ƙasa ta Peterborough a 1948, inda wani ɗan gudun hijira mai gyaran layin dogo ya koya masa darar ces, wato darar Turawa mai sarki da sojoji, a kan akwatin kayan aiki.

Aure da Shahara

A 1955 ya auri Noeline Pascoe, ma'aikaciyar gidan waya. Bayan shekara biyu ya sami darajar gwani a wata gasa da aka yi a Adelaide, sai dai bai daɗe a fagen gasa ba, domin koyarwa ta fi rinjayar zuciyarsa.

Koyarwa

A 1963 ya koma Broken Hill da iyalinsa, ya shiga koya wa 'ya'yan makiyayan tumaki ces ta rediyo, kowane yaro da allonsa a gonarsu, shi kuma yana riƙe da alluna goma sha biyu a ka. Mutum ne mai kaifin basira da kaushin harshe, kuma bisa ƙa'idoji biyu ya gina tarbiyyarsa. Ta farko, ba ya bari yaro ya ci shi don lallashi, yakan ce, "Nasarar kyauta zagi ce." Ta biyu, wanda ya tabbata an ci shi ya kwantar da sarkinsa nan take, alamar ya sallama. Idan ɗalibi ya ci gaba da jan wasan da ya mutu, sai a ji muryarsa a duk gonakin: "Kai ɗan nan, gawa kake wa fifita? Kwantar da shi mu sha shayi."

Shi da 'Yarsa

Babbar 'yarsa Merrin, wadda aka haifa a 1958, ta fi duk ɗalibansa hazaƙa, kuma ita ta fi shan wuyar ƙa'idar farko. Shekara tara tana zama gaban allonsa ba ta ci shi ko sau ɗaya ba. A 1976 ta tafi Hobart koyon aikin jinya, ta bar ces, ta kuma bar rubuto masa wasiƙa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai nemi sulhu ba, ita ma haka; barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shekarun Ƙarshe

Noeline ta rasu a 1989. Wata biyu bayan haka katin gidan waya ya iso daga Hobart, babu gaisuwa, babu ta'aziyya, sai motsin soja ɗaya na fara wasan ces a rubuce da hannun Merrin. Ya mayar da nasa motsin. Haka uba da 'ya suka ci gaba, kati ɗaya duk wata, kuma sannu a hankali gaisuwa ta fara shiga ƙasan katunan, daga baya har da labarin jikoki.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Yuni, 1995, a asibitin Broken Hill, yana da shekara sittin da shida, wasan bai ƙare ba. Bayan jana'iza Merrin ta nuna wa tsohon ɗalibinsa Clive Nankervis, wanda shi ma ya zama gwani, allon yadda mahaifinta ya bar shi, ta tambaye shi wa ke gaba. Clive ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Merrin, ai kin cinye tsohon nan tun Afrilun bara, kuma ba kyauta ya ba ki ba. Ya sani sarai. Da ni na ja wasa haka, da ya tsire ni a rediyo." Wata goma sha huɗu ke nan Alwyn yana karya ƙa'idarsa ta biyu, domin duk ranar da ya kwantar da sarkin, bai da tabbacin wani kati zai sake zuwa.

An binne shi a Moonta kusa da matarsa. Ya bar 'ya'ya uku: Merrin, Graeme da Denzil, da jikoki biyar. Allon yana gidan Merrin a Hobart, sarkin mahaifinta a tsaye.