Idon Ɗahiru Ranar Juma'a

A Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai ta Khartum, in radiyetar motarka ta fara yoyo, wajen Ɗahiru za a tura ka. Ba ya zuba ruwa ya tsaya jira. Ɗaga ta yake yi saitin rana, ya karkata kai, ya ɗora farce a kan hujin da bai kai tsinin allura ba. Da idon nan ya ci abinci tun da ya baro gonakin auduga na Jazira, inda kakansa ya yada zango a hanyar Makka bai sake ɗaura kaya ba. Da shi ya gina ɗaki biyu da rumfa a unguwar Mayo, ya kai 'yarsa tilo, Fadila, har jami'a.

Amma ranar Juma'a idon mutuwa yake yi.

Akwai wani shirin 'yan sanda na Turawa da wata tasha ke nunawa bayan an sauko daga masallaci. Tauraruwar shirin wata dattijuwa ce, malamar lissafi. In 'yan sanda sun rasa bakin zaren sai su zo mata da hotuna, ita kuma ta cika allo da lambobi har mai laifi ya fito fili. Turanci ake yi, fassarar Larabci na gudu a ƙasa. Ɗahiru ya ce rubutun ya yi masa ƙanana, kafin ya kai tsakiyar layi an ɗauke. Don haka Fadila, wadda ke aure a Omdurman tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, takan hau bas da raksha, keken nan mai ƙafa uku, ta tsallako kogi duk Juma'a, ta zauna a bakin angarib, gadon igiyar mahaifinta, ta mayar masa da shirin Hausa.

Hausa fa. Nan gizo ke saƙar. Tun tana sakandare, da wasu 'yan ajinsu suka kwaikwayi maganarta, Fadila ta daina Hausa a titi, a hankali ta daina a gida ma. In ta kira mahaifinta a waya gaisuwar Larabci ce gajera, sai ta ce a ba ta uwarta. Bai taɓa yi mata faɗa ba. Shi ma da Larabci yake ciniki, da shi yake zagin masu mota. Ranar da ta fara tarar da shi gaban shirin, ta soma karanta masa layukan yadda suke, sai ya ce, "Wannan Larabcin littafi ne, ɗiyata, warware mini." Ta warware da Hausa, tana tuntuɓe tana dariya. Ya ji wani ƙulli ya kwance a ƙirjinsa wanda bai ma san da shi ba. Daga ranar idonsa ya lalace.

Matarsa Barira takan zauna nesa kaɗan tana soya bunni, 'ya'yan gahawa, a kan gawayi don haɗa jabana, gahawarsu ta can.

"Malam, na ga makafi a duniya," takan ce, "amma mai makantar mako-mako sai kai."

"Ki ji da jabanarki, tana ƙonewa."

Shi kuwa ya juya ga Fadila. "Me tsohuwar ta ce?"

"Ta ce mutumin ƙarya yake. Wai da hantsi aka ɗauki hoton, amma inuwar sandar fitilar, yaani, tsawonta da inda ta kwanta, la'asar suke nunawa."

"Af! Da inuwa ai kakanki ke sanin lokacin salla a gona."

"To shi ne lissafin, Baba. Shi nake koya wa yara."

"Shi ke nan? Sake mini a hankali."

Sai ta sake, tana zane da yatsa a ƙasa. Ita ma ba banza take shan zafin hanyar nan ba. Mahaifinta so ya yi ta zama likita. Da ta zaɓi lissafi cewa ya yi wannan ai aikin masu kanti ne, bai kuma ƙara tambayarta abin da take karantawa ba. Yanzu ga shi baki buɗe, yana cewa ta sake.

Wata Juma'a ta zo da mijinta, Amjad, mai sayar da dish da risiba a Kasuwar Libiya. Mutum ne mai zuciya fara, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba, ita ma ja yake yi kamar roba. Ya shigo da kwali a hammata, fuskar nan fal murna.

"Ya ammi, baffana, shi ke nan, wahala ta ƙare!" ya ce da Larabci. "Na samo maka tashar da ta sa wa shirin nan murya. Ba karatu, ba komai. Fadila ma ta huta da hanya a wannan zafi."

Ɗahiru ya sa masa albarka, har da ɗaga hannu. Amjad ya hau rufi, ya sauko, ya danna. Dattijuwar ta buɗe baki, sai ga Larabci tas. Ƙasan allon wayam.

Ɗahiru ya riƙe finjalinsa bai kurɓa ba. Ya san yadda za ta kasance: mako mai zuwa Fadila za ta ce jarrabawa, na gaba ta ce zafi, daga nan sai waya. Kuma da wane baki dattijo zai ce wa 'yarsa mai aure, zo ki yi mini magana?

"Larabcin 'yan Sham ne wannan," ya ce. "Ba ya shiga kunnena."

Barira ta kwashe da dariya har ta kusa kifar da kasko. "Kai da ke share hawaye a fim ɗin 'yan Sham duk azumi? Yau kuma kunnen ne ya bi idon?"

Amjad ya dubi wannan ya dubi wancan. Fadila ba ta yi dariya ba. Ta matso kusa da mahaifinta ta yi ƙasa da murya, da Hausa.

"Baba, na daɗe da sani. Kai kake zura wa Inna zare a allura."

Ya dubi talabijin. "To me ya hana ki kama ni?"

"In na kama ka, wa zan yi wa darasi ya saurara har ƙarshe? 'Yan ajina barci suke yi."

Ya kurɓi jabanar, duk da ta huce. "Allah ya shirya su."

Fadila ta juya ga mijinta ta koma Larabci. "Amjad, rage muryar. Sun ɓata lissafin a fassarar nan, gara in gyara masa."

"Sun ɓata? Risibar asali ce fa, ba ta jabu ba!"

"Hoton kam ba magana, ya waladi, ɗana," in ji Ɗahiru. "Ko gashin bakin ɗan sandan ina iya gani."

Amjad ya ji daɗi, ya rage muryar har sai wanda ya kara kunne zai ji. Fadila ta jawo kujera jikin talabijin, tana saurare tana mayarwa Hausa. Ba a jima ba Amjad ya fara mutsu-mutsu, don yanzu shi ne ba ya jin komai.

"Ya khalti, me ake ciki?" ya tambayi Barira.

Ta miƙa masa finjali, ta gyara zama, ta fara mayar masa da Hausar Fadila Larabci, tana ƙara gishiri. A nata labarin dattijuwar bazawara ce, kuma babban ɗan sandan sonta yake yi.

"Inna, ba haka aka ce ba!"

"Ke ji da naki ɗalibin," in ji Barira.