Adakar Kayan Famfo da Aka Ajiye a Ɗakina

Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Faɗa na yi aka rubuta, don ku yara ku ji daga bakina.

A ƙauyenmu da ke kusa da Gafasa, da can kowa ya san ba na wasa. Da aka haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa, ni nake wuni a gindinsa. Ba mai wanki a wurin, ba mai kawo akuya, wanda ya yi lilo da hannun famfon kuwa sai ya sha tsumagiya. Shi ya sa da kwamitin ruwa ya karɓi kayan gyara, su roba da sarƙa da ƙananan ƙarafa, aka zuba a adaka aka ce a kai ɗakina. Namiji ba ya shiga ɗakin matar wani, ni kuma ba wanda ya taɓa zargina.

Duk Juma'a Malam Sale, shugaban kwamiti, zai tsaya a zaure ya ɗaga murya: "Gwaggo, kaya lafiya?" In ce, "Lafiya lau." Iyakar binciken ke nan.

Sai ga wani bakanike daga Gaya. Ya ce, "Gwaggo, roba ɗaya tak. Famfonku sabo ne, yaushe zai nemi gyara?" Na fatattake shi. Ranar kasuwa ya dawo da sabulu da turmin atamfa, na ba shi robar. Bayan roba sai sarƙa. Duk abin da na cire, sai in cike gurbinsa da tsohuwar fartanya ko dutse, don kada mai shara ta ja adakar ta ji ba nauyi. Ina wannan ina ci gaba da dukan 'ya'yan mutane a kan ɓarnar ruwa.

Tsakiyar bazara famfon ya tsaya. Mata biyu suka ciccibo adakar zuwa ƙofar gida, aka buɗe a gaban jama'a. Malam Sale ya daɗe yana kallon duwatsun. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Gwaggo, shekaranjiya ma na tambaye ki."

Kafin a samo wasu kayan, gari ya koma shan ruwan kududdufi tare da shanu. Amai da gudawa ya shigo. 'Yar maƙwabciyata Hansatu, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba, kwana biyu ta yi ta rasu.

Alƙali ya tura ni gidan yari, ni da bakaniken. Can na koyi bin layin ruwa da bokiti, da furfurata, yarinya sa'ar jikata tana daka mini tsawa.

Da na fito na je wurin Hansatu, uwar yarinyar, na durƙusa. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah Ya yafe mana, Gwaggo." Har yau ba ta ƙara ce mini komai ba.

Na tuba, ina kuma kan neman gafarar Ubangiji. Na gaji, ba ni da sauran bakin yi wa kowa faɗa, amma wannan ɗaya ku riƙe. In gari ya ba ku ajiya, ku bar ta yadda aka ba ku. In kun ji zuciya ta fara raya muku wani abu, ku kira mutane ku mayar musu, ku ce ba za ku iya ba. Wannan kunyar ta wuni ɗaya ce. Tawa da ita za a binne ni.