Wa Ke Jiranka a Gida?

Ƙarfe biyu na rana yake isowa, kafin kowa. Ya share dandamali, ya gwada igiyar labule, ya zauna a lungunsa na bayan fage inda hasken fitila ba ya kaiwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Baba Mai Labule muke ce masa, jibi kuma zai ajiye aiki.

Ƙungiyarmu ba ta wasan ban dariya. Irin wasannin nan muke yi da kowa ke magana babu mai jin wani, ɗan kallo ya fita yana waiwaye. Ni ke rubuta su, kuma na san ba su da daɗin kwana a rai.

Shi kuwa yana da wata al'ada. Da zarar ya ja labule an gama wasa, sai ya tare ƙofa ya tambayi kowane ɗan wasa, "Wa ke jiranka a gida?" Sai ka amsa zai matsa. Mun sha yi masa tsiya, muna cewa ya kafa shingen bincike.

Wata shekara muka yi wasan wata uwa da iyalinta suka daina ganinta: tana zuba musu abinci, suna hirarta kamar ta rasu. Sau arba'in babbar 'yar wasanmu ta fito a matsayin uwar nan. Ranar ƙarshe aka rufe labule, amma ta ci gaba da juya cokali a kwanon da babu komai. Muka yi ta magana, tana kallonmu kamar bango. Wallahi na tsorata.

Baba ya zo ya tsuguna gabanta. "'Yata, wa ke jiranki a gida?" Cokali ya ci gaba da ƙara a kwano. Ya yi ta maimaitawa, ba gaggawa, har ƙafarsa ta yi tsami. Can ta ce, "Autata... ba ta ci abinci ba." Sai kuka.

Kai ne ka dawo mana da ita, Baba, mai riƙon igiya.

Jiya ita ta riga shi tare ƙofar. "Baba, kai fa? Wa ke jiranka?"

Ya kalli hannunsa. "Ba kowa, 'yata. Tun kafin ku zo."

Ba wanda ya taɓa tambayarsa, har da ni mai cika takardu da zancen kaɗaici. Na ji kunya.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku kuma, ku tare wani a ƙofa yau ku tambaye shi, ku tsaya ku ji amsar. Jibi dai a gidan 'yar wasan nan Baba zai ci abinci, ta ce kada ya makara, ana jiransa.