Hannun Siddiƙu a Kwanon Tuwo

Shekara ashirin da uku Siddiƙu ya yi yana horar da karnukan gadi a wani kamfanin tsaro da ke wajen Kalambaina, kuma babu ranar da ya wayi gari yana son kare. Sanin su kawai ya yi, irin sanin da mai kwasar masai ya yi wa masai. Daga motsin kunne yake gane mai cizo da mai burga, da fito ɗaya yake zaunar da kare shida. Manajansu ya ce baiwa ce. Siddiƙu ya ce da an yi shawara da shi, da ya zaɓi wata. Ga yawun nan mai igiya, ga warin jiƙaƙƙen gashi, ga numfashi mai ɗumi kamar an buɗe tukunyar kayan ciki da ta kwana biyu. Kullum sai ya tsaya a zaure ya dirje hannu da toka da sabulu kafin matarsa Atika ta bari ya taɓa buta.

A layinsu na Unguwar Rogo, magidanta kan haɗa tuwo bayan Magariba a ƙofar gidan Malam Dodo, dattijon layin. Kowane gida ya fito da kwanonsa, a sa hannu tare. Babu wanda ya taɓa korar Siddiƙu. Sai dai yana sa hannu, mutane kan tuna ashe sun ƙoshi. Malam Dodo da kansa ya taɓa karanta musu cewa a mazhabarsu jikin kare ba najasa ba ne, kowa ya gyaɗa kai, sannan shi Malam ɗin ma ya ce yau cikinsa ba daɗi. Siddiƙu bai ga laifinsu ba, don da shi ne su, da tuni ya sauya layi. Sai ya koma ci a ɗaki.

Da ya ajiye aiki ya ƙona kakinsa a bola, ya kasa albasa a bakin titi, ya shekara ko kallon kare bai yi ba. Burinsa bai wuce ya yi loma a cikin mutane ba. Ran wata Alhamis kuwa Malam Dodo ya muskuta a tabarma ya ce, "Siddiƙu, matso ka sa hannu mana." Aka ci tare, har aka suɗe kwano.

Kwana tara ana haka, sai ga mota ta tsaya ana tsakiyar ci. Injiniya Junaidu ne, wanda ya san Siddiƙu tun Kalambaina, da wani ƙaton kare mai gashin tunkiya zaune a kujerar gaba, sanye da riga. Ya leƙo ya yi sallama, ya ce karen nan nasa, Taiga, ba ya jin magana, yana so a koya masa zama da kwanciya, da yadda zai riƙa sanarwa idan fitsari ya kama shi. Yana bayani karen na lasar masa kunne, shi kuma ya juya ya sumbace shi a hanci. Siddiƙu ya ce ya bar wannan aikin, ya kuma faɗa da ƙarfi yadda duk tabarmar za ta ji.

Injiniya ya buɗe ƙofa zai fito ya yi roƙo, Taiga ya riga shi. Kai tsaye ya nufi kwanon miya, yawu na ɗiga. Dattawa suka tattare riguna suka miƙe, shi kuwa Malam Dodo ciwon gwiwa ya hana shi tashi. Injiniya na ta kiran "yarona, yarona," karen ko waiwaye.

Siddiƙu ya yi fito ɗaya, ya ɗaga hannun dama, da miyar kuka a jiki. Karen ya tsaya cak, ya zauna. Da alama tun da aka haife shi bai taɓa gamuwa da mai magana a fili haka ba, saboda haka ya matso cikin ladabi ya lashe hannun tas, yatsa bayan yatsa.

"Allah shi saka da alheri, Siddiƙu," in ji Malam Dodo. "Wanga aiki sai kai." Sannan ya ja kwanon a hankali zuwa ɗaya ƙarshen tabarmar, sauran suka bi shi can suka zauna.

Siddiƙu ya daɗe riƙe da hannun nesa da jikinsa kamar na wani. Daga nan ya ce wa Injiniya ya kawo karen ran Asabar da hantsi.

"Amma da kai za ni fara. Ka tuɓe mai wagga riga, kuma in na sake ganin bakinka bisa hancinai, ka nemi wani."