Wayar da Ba Mu Je Mun Tambaya Ba

Ina tsaye a kan benci, hannu ɗaya riƙe da murfin agogon masallaci, Liman yana ƙasa yana cewa, "Kai, a hankali, kada ka faɗo mana a ka."

Shekarun baya ne wannan. Azumi ya matso, agogon sallarmu kuma ya haukace. Duk sanda aka yi dumso, wuta ta tafi ta dawo, sai ya nuna lokacin da ya ga dama. Wata rana ana kiran azahar, shi yana cewa asuba.

Abokina ne ya haɗa agogon da hannunsa. Tare muka koyi gyaran waya a unguwar Alabar, amma gaskiya kansa ya fi nawa ja. Ya sa wani ɗan bulutut a ciki, ƴar na'urar da ke haɗa agogon da wayar hannu ba igiya, bai fi babban yatsa ba, yana zaune wajen mai koko yake gyara lokaci daga wayarsa. Sai ya kwanta ciwo, ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Lambar sirrin da ya sa ba wanda ya sani. Wayarsa kaɗai agogon yake amsa wa, wayar kuma tana hannun mahaifiyarsa, a gidan da ke kallon masallacin.

Na ce, "Malam, abin ba wuya fa. A karɓo wayar, yanzu a gama."

"A karɓo wajen wa?"

"Wajen Mma."

Ya kalle ni kamar na yi saɓo. "Ko addu'ar arba'in ba a yi ba, ba a raba gado ba, mu shiga gidan makoki muna tambayar waya? Ta ce da mu me? Ɗanta ya tafi, mu kayansa ne a gabanmu?"

Ladan ya ce, "Ai ba a yin haka. In ka iya, ka iya. In ba ka iya ba, mu koma kallon rana."

Ni ma na ga gaskiyarsu. Ko gaisuwa na shiga, ba na iya haɗa ido da ita, balle in buɗe baki in ce waya.

To, na ciro ɗan bulutut ɗin na tafi da shi shago. Yana da maɓalli ƙarami a gefe. Sai ka danne shi kafin ka ba shi wuta, ƴar fitilarsa ta daina ƙyaftawa da sauri ta koma a hankali, alamar yana sauraro ke nan. Na jona shi da kwamfuta, na ba shi umarni ya koma yadda ya fito daga kamfani. Shi ke nan, ya manta komai: sunan da abokina ya sa masa, lambar, har wayar da ya sani.

Na mayar da shi, na haɗa da wayata, na tura lokaci. Agogo ya fara zuba wasu ƙwarangwal ɗin rubutu. Chale, sai gumi ya keto mini! Ashe saurin da bulutut ɗin da agogon suke magana da juna ma na goge. Na yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya, Ladan yana tambayata ko in kira masa wanda ya iya. Can ya kama. Na canja batirin da ke riƙe lokaci, aka sa mini albarka, na fito ina tafiya kamar ni na ƙera jirgi.

Muka yi azumi lafiya, agogo bai ƙara gardama ba.

Bayan ƙaramar salla Mma ta aika in zo. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta shiga ɗaki ta fito da wayar a naɗe cikin gyale, ta miƙo mini. Na taɓa, caji a cike.

"Kullum sai na sa ta a wuta," ta ce. "In babu wuta na aika wajen mai janareto. Ya taɓa ce mini, 'Mma, agogon nan wayata kaɗai yake ji.' Har yadda ake buɗe ta ya nuna mini. Da na ga agogon ya rikice na ce yau za su zo, gobe za su zo."

Na juya wayar a hannuna.

"Na zaci aikinsa ne zai kawo ku ƙofata. Sai wata safiya na leƙa na ga ya daidaita." Ta ci gaba da tsince wakenta. "Wa ya gyara?"

"Ni ne, Mma. Kunya muka ji."

"Kunya," ta ce, tana gyaɗa kai.

Na ce mata ba wani abu ba ne, yanzun nan zan iya sake haɗa wayar da agogon, har sunan in mayar. Ta karɓi wayar daga hannuna, ta danne gefenta har wayar ta mutu.

"Bar shi, ɗana. Tunda agogon yana tafiya babu shi, bar shi ya tafi."

Daga baya na ji wayar ta shiga rabon gado, wani ɗan'uwa a unguwar Sofoline ya goge ta yana amfani da ita.

Har yau ban ce Liman ya yi laifi ba. Tausayinta ya ji, haka aka tashe mu. Amma mu duka muka zauna muka yanke abin da zuciyarta za ta iya ɗauka, ba wanda ya tsallaka titi ya tambaye ta. Mun ɗauka tambayar za ta fama mata ciwo, ashe ita take jira.

Ku fa, da ku ne a kan bencin nan, za ku je ku yi mata sallama, ko za ku danna maɓallin?